Shin yawon kallon namun daji yana kare gandun daji?

Ka tambaya ko masu zuwa kallon namun daji suna taimaka wa gandun daji, ko kuwa ɓarna suke ƙara masa. A ganina suna taimakawa, matuƙar kuɗin da suka biya ya isa hannun mutanen da ke zaune a bakin dajin, domin manomin da namun daji suka cinye masa amfanin gona ba zai daina saran itace da ɗana tarko ba, sai ya ga dabbar tana kawo masa riba tana raye.

Dubi ƙasar Ruwanda, inda tun 2017 baƙo ke biyan dala 1,500 don ya ga goggon birin tsaunuka, kuma ana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajin ƙasar domin makarantu, asibitoci da ruwan sha a ƙauyukan kewaye. Mutum takwas kaɗai ake bari su ziyarci garke ɗaya a rana, na tsawon sa'a ɗaya, saboda murar ɗan'adam tana iya kashe waɗannan birai. Yawansu a duniya ya haura 1,000, bayan da a da ake fargabar ƙarewarsu.

Inda aka saki ƙa'ida, motoci da hayaniya kan kori dabbobi daga wuraren kiwonsu.