Na karanta littafin wanda ya bar Musulunci, in ba abokina ya karanta?

Tambaya: Ni Kirista ne, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya. Ina da aboki Musulmi da muka shekara shida muna aiki tare. Ya zo sunan ɗana, ni ma na je ta'aziyyar mahaifinsa. Kwanan baya na karanta littafin Nabeel Qureshi, wanda ya bar Musulunci ya bi Almasihu ta dalilin wani abokinsa, kuma labarin ya taɓa ni ƙwarai. Shin in ba abokina littafin? Yaya zan yi masa bishara ba tare da zumuncinmu ya ɓaci ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Littafin nan ka bar shi a gida. Kai zai amfana, ba abokinka ba.

Qureshi ɗan gidan Ahmadiyya ne, iyayensa 'yan asalin Pakistan, kuma a Amurka ya yi karatu. Malaman Arewa, na Izala da na Tijjaniyya da na Ƙadiriyya, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, ba sa lissafa Ahmadiyya cikin Musulmi. Abokinka zai duba sunan a waya, cikin minti biyu ya ce maka, "Ai dama wannan ba Musulmi ba ne," magana ta mutu ke nan. Ban da haka, littafin, wanda ya fito a 2014, yana da babi-babi da ke bin rayuwar Annabi Muhammadu da tarihin Alƙur'ani da suka. Ka miƙa wa mutum irin wannan, abin da zai ji shi ne, ashe haka kake kallon addinina duk shekarun nan. Ka tuna akwai littattafan Kiristocin da suka musulunta, har da fastoci. Da shi ya ajiye maka ɗaya a kan teburinka ba ka tambaya ba, yaya za ka ji?

Abin da za ka tsinta a littafin shi ne lokaci. Qureshi da abokin nasa, David Wood, sun haɗu a jami'a a 2001, amma Qureshi bai karɓi Almasihu ba sai 2005. Su biyun 'yan ƙungiyar muhawara ne, gardama abincinsu ce, abin da ba lalle ne abokinka ya so ba. Ka sake karanta inda ya faɗa wa iyayensa, ka ga irin kukan da aka yi a gidan. Masu karatu kan wuce nan da sauri, alhali a ƙasarmu nan ne nauyin yake.

Kafin komai ka tambayi zuciyarka: idan abokinka ya ce maka a'a har abada, za ka ci gaba da zuwa gidansa barka da Sallah? In amsar ba i ba ce, abin da ke tsakaninku tarko ne, kuma mutane na gane tarko. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 4:2 ba a aikin nan da ɓoye-ɓoye ko makirci. Abokinka ya san kai Kirista ne, to ya kuma sani kana marmarin ya san Almasihu yadda ka san shi. Faɗa masa sau ɗaya a fili ya fi ka yi ta kewaye-kewaye.

Yawanci ba sai ka buɗe maganar ba. Lokacin Kirsimeti, ko Ista, ko azumi, shi zai tambaya, kuma tambayoyin ba sa wuce uku.

Ta farko ita ce "Ɗan Allah". Tun yana ƙaramin yaro yake karanta Ƙulhuwallahu, cewa Allah bai haifa ba, ba a kuma haife shi ba. Da ya ji "ɗa", aure da haihuwa yake ji. Ka fara da gaya masa kai ma ka ƙi wannan ma'anar, babu Kiristan da ya gaskata Allah ya auri Maryamu. Sai ka kai shi farkon bisharar Yahaya, inda aka kira Yesu Kalma. Ya san laƙabin, domin Ali Imrana 45 da Nisa'i 171 sun kira Isa kalma daga Allah. Amma kada ka ce masa Alƙur'ani ya yarda da kai. Ayar Nisa'in nan ita ce ta ce kada ku ce uku, kuma ya fi ka saninta. Kiristoci da yawa a nan suke faɗuwa: su tsinko rabin aya daga wata ƙasida, a karanto musu sauran, su rasa ta cewa.

Ta biyu gicciye. Nisa'i 157 ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Nan babu tsaka-tsaki, kada ka ƙirƙiro shi. Ka ce, "A nan muka rabu, bari in gaya maka dalilin da mutuwar nan take da girma a wurina." Ta uku ita ce an canja Linjila. Tambaye shi a hankali wane sashe aka canja, kuma yaushe. In ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka ce za ka bincika, ka kuma bincika ɗin. Amsar da aka ƙaga a tsaye ta fi shiru ɓarna.

In ya nuna yana son karatu, ba shi Linjila kanta. Luka ya fi dacewa da farawa, domin surori biyu na farko suna ɗauke da Zakariya da Yahaya da Maryamu, mutanen da ya sani daga Suratu Maryam. Sura ɗaya a zama ɗaya ta isa, ku biyu kawai, a inda ya zaɓa. In da mutum na uku, dole ya kare addininsa don kada a ce ya yi sanyi, hira ta koma musu. Littafi Mai Tsarki na Hausa ba baƙo ba ne a garinku: cikakkensa ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, yana cikin manyan masu fassarar. Ka nemi sabon kwafi, ba wanda ka cika da jan biro ba. Miƙa shi da hannun dama. Kada ka ajiye shi a ƙasa kusa da takalmi, ko ka ɗora kofin shayi a kai. Mutumin da ba ya taɓa Alƙur'ani sai da alwala yana kallon yadda kake riƙe naka, yana auna darajarsa a wurinka. In ya ba ka tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi, karɓa ka karanta. Wanda ba ya saurare bai cancanci a saurare shi ba.

Abu ɗaya ba a taɓawa: Annabi. In ya tambaye ka ra'ayinka, ka ce kai mai bin Almasihu ne, da ka yarda da manzancinsa da ka musulunta, amma ba za ka aibata wanda yake girmamawa ba. 1 Bitrus 3:15 da 16 sun ce a ba da amsa da tawali'u da bangirma. Kada ka rubuta irin wannan magana a WhatsApp ko Facebook, ko da a saƙon sirri ne, domin waya kan faɗa hannun wani. Kisan wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a watan Mayun 2022 daga saƙon murya a zauren 'yan aji ya taso. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi, amma ɓatanci laifi ne a dokokin jihohin Arewa, kuma taron da ya fusata ba ya jiran alƙali.

Idan wata rana ya ce yana son bin Almasihu, kada murna ta sa ka gaggawa. Abin da coci ke kira tuba, danginsa ridda za su kira shi. A fiƙihun Malikiyya aurensa ya warware, ba ya gadon mahaifinsa, ana iya raba shi da 'ya'yansa da gidan da yake ciki, wani lokaci har ransa na cikin haɗari. Ka faɗa masa wannan baki da baki tun da wuri. Shi zai zaɓi wanda zai sani da ranar da za a sani. Kada ka ba da shaida da sunansa a majami'a, kada ka sa shi cikin roƙon addu'a na zumunta, kada a ɗauki hoton baftisma. Fasto ɗaya mai riƙe sirri, wanda ya taɓa kula da irin wannan, ya isa. Kada kuma alkawarin kuɗi ko aiki ya shiga maganar, domin shi ne zargin farko da za a yi muku.

Tunda malami ne kai, ka ware ɗalibanka daga wannan gaba ɗaya. Sashe na 38 ɗin nan ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Matar abokinka kuma, in hira za ta kai gare ta, ta bakin maiɗakinka za ta bi.