Tambayoyinku: Me Zan Iya Yi Da Hannuna Kafin A Kai Asibiti?

Saƙonnin wannan makon kusan duk waje ɗaya suka dosa, wato me mutum zai yi idan abu ya faru cikin dare ko hanya ta toshe kuma asibiti da nisa. Na ɗauko huɗu daga ciki.

Tambaya: Salam Dakta, ni uwa ce mai yara uku, ina son haɗa akwatin taimakon gaggawa a gida amma ban san me zan zuba ba, kar in tara magunguna su lalace a banza.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Ba sai kin cika shi maƙil ba. Bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, ma'aunin zafin jiki, tocila, farasitamol na manya da na yara, sai ORS (garin gishiri da suga da ake damawa a ba mai gudawa) da maganin zinc. Antibiyotik kam don Allah kar ki ajiye ki dinga ba su da ka. Abin da na fi so ki riƙe shi ne gudawa, don ba ita kanta ke kashe yaro ba, ƙarewar ruwan jiki ne, kuma abin yana da sauri. In babu ORS na leda sai ki haɗa da kanki: ruwa mai tsabta lita 1, suga ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kar a yi masa tozo. Ki dinga ba shi kaɗan kaɗan, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Zinc kuma miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10. Amma in idonsa ya faɗa ko ya ƙi shan komai ko kin ga jini a bayan gidan, toh wannan ya wuce na gida.

Tambaya: Likita in mutum ya yanke jini na ta zuba me ya kamata a fara yi?

Amsa: Dannewa, malam. Ka samu ƙyalle mai tsabta ka ɗora ka danna da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa. Nan ne mutane ke ɓata abin, an taɓa kawo min wani yaro da ya yanke a tafin hannu, babansa na riƙe da tawul amma duk bayan 'yan daƙiƙu sai ya ɗaga ya leƙa wai ya ga ko ya tsaya, alhali duk leƙawar nan yana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa ne. In ƙyallen ya jiƙe ka ɗora wani a kai, kar ka cire na farkon. In a hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a rubuta lokacin da aka ɗaure a garzaya. Ƙuna kuma, tunda su ma ana yawan tambaya, ruwa mai sanyi ake ta kwarara minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki.

Tambaya: Dakta mahaifina na da hawan jini da ciwon suga, yana allurar insulin, in wuta ta ɗauke kwana da kwanaki ya za mu yi da ita?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Yawancin insulin in an fara amfani da kwalbar tana kai kamar kwana 28 ba firij muddin zafin bai haura digiri 30 ba, a dai kauce wa rana, kuma kar a bari ta daskare, wadda ta yi ƙanƙara ta tashi aiki. Ku rubuta sunan kowane magani da adadinsa a takarda, ba a waya kawai ba tunda caji na ƙarewa, kuma kar ku jira sai ƙwayar ƙarshe, a samu rarar sati biyu. In ya fara karkarwa da gumi da ruɗewa sugansa ne ya faɗi, a dama suga ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa ya sha, a sake dubawa bayan minti 15. In ya suma kar a ɗura masa komai, zai shaƙe.

Tambaya: Mutum ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi, ni da ban karanta likitanci ba zan iya taɓa shi kuwa?

Amsa: Za ka iya, wallahi tsayawa kallo ya fi haɗari. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai nemo taimako, don in ka ce a taimaka kawai kowa zai jira wani. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, gwiwar hannunka a miƙe, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6 sau 100 zuwa 120 a minti. Da gajiyarwa sosai, shi ya sa ake karɓa-karɓa duk minti 2. Yau da daddare ka gwada a kan filo kana kallon agogo, dannawa biyu a kowace daƙiƙa, ka ga ko za ka kai minti biyun.