Mai gyara ya ce kada in taɓa sabuntawa

Tambaya: Malam, ina da ƴar sakatariya a Sabon Gari, nan Damagaram, da kwamfuta biyu masu Ubuntu 22.04, wani nau'in tsarin Linux. Kullum sai sanarwa ta fito wai manhajoji da dama na jiran sabuntawa. Mai gyaran da ya girka mini ya ce in rabu da ita, Linux ba ya kamuwa da cuta, sabuntawa ce ma ke lalata na'ura. Takardun mutane ne a ciki, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, kana da gaskiya da ka damu. Aikin ba shi da yawa. Ka fara kwafe takardun a kile, sannan ka buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, ka buga sudo apt update, ka bi shi da sudo apt upgrade. Na farkon jerin sababbin kaya kawai yake ɗaukowa, na biyun ne ke girka su. Ka yi shi sa'ad da wuta ta zauna, kana da isasshen mega. In ta ɗauke ana tsaka da aiki, sudo dpkg --configure -a zai ƙarasa abin da ya tsaya.

Amma maganar nan ta "Linux ba ya kamuwa da cuta", wallahi na gaji da jinta. Kusan kowane mako sai an kawo mini na'ura, in buɗe in tarar shekara biyu ba a taɓa ta ba, mai ita na alfahari wai an ce masa ƙarfe ce. Wane ƙarfe? Mutane ne suka rubuta ta, kuma suna kuskure. A Satumban 2024 an gano rami a CUPS, manhajar da ke tura takarda zuwa firinta, wato tukunyar abincinka. Wani da ke kan layin sadarwa ɗaya da kai yana iya cusa firintar bogi, kana danna bugawa umarninsa ya gudana a na'urarka. Nan da nan Ubuntu ta fitar da gyara. Yana cikin sanarwar nan da aka ce ka rabu da ita. Wanda bai sabunta ba, har gobe ƙofarsa a buɗe take, da takardun haihuwa da na makarantar bayin Allah a ciki.

Mai gyaran bai iya tada na'ura in aiki ya tsaya ba, shi ya sa ya tsorata ka. Ganin ido na yi: an karɓi jaka biyar an goge komai, alhali layin umarni ɗaya ya isa.

Kuma ka riƙe wannan: gyaran da ake turo wa kowa na 22.04 zai tsaya a 2027. Kafin nan ka zo mu ɗaga ta zuwa 24.04.