Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya ko sabon koci ne ya gyara ƙungiyarsu

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyarku na gindin tebur aka canza koci, ga shi ta ci wasa uku a jere, wasu na cewa aikinsa ne, wasu na cewa sa'a ce. Wallahi ciwon nan namu ne duka, duk mai bin ƙaramar ƙungiya a nan Arewacin Kamaru ya san shi.

Wasa uku ba sa auna koci. Bari ya kai goma, ka tara makinsa ka raba gida goma, ka yi haka da wasanni goman ƙarshe na wanda aka kora. In tsohon ya samu maki 7, sabon 14, an tashi daga 0.7 zuwa 1.4 a kowane wasa ke nan. Amma ka duba da wa aka buga, kuma a ina. Ƙungiyar da ta kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, ta ƙara rabin yini a mota, ta shiga fili cikin zafin Maris, cin ta a gida ba ɗaya ba ne da ɗauko maki a Duwala.

Hannun koci a tsaron baya ake fara ganinsa. Ƙirga ƙwallayen da aka zura muku daga bugun kwana da bugun tazara. Wannan horo ne tsagwaronsa: wa zai riƙe wa, wa zai tsaya a bakin turke, wa zai tare ƙwallon da ta dawo. Sannan ƙwallayen da suka shiga ragarku bayan minti 75. In har yanzu a nan ake cin ku, ko yaran ba su da numfashi, ko canjinsa ba ya zuwa a kan lokaci.

Abin da ke ƙona min rai shi ne shugabanni. A riƙe wa yara albashi wata da watanni, yaro ya zo atisaye bai karya ba, mai gida na binsa kuɗin haya, takalminsa ya yage ya ɗaure da zare. A ci su, a kori koci, ranar da sabo ya zo a biya bashi, a sayo mai tsaron gida da ɗan gaba, sai a ce an kawo mai basira! Shi wancan bawan Allah ya tafi da baƙin jini, nasa haƙƙin ma ba a ba shi ba, yara na yi masa ihu a tasha. Haba, ina tsoron Allah? Don haka bincika ko kuɗi sun fito a makon da aka yi canjin.

Ko a Ingila, Leicester da Ranieri ya ci kofi da ita a 2016, tun a hannun Pearson, kocin da ya gabace shi, ta farfaɗo, ta ci bakwai cikin wasanni tara na ƙarshen kakar da ta gabata ta tsira daga faɗuwa.

Ka kuma kula ko yana sa yaran gida. Vincent Aboubakar daga Coton Sport ta Garwa ya tafi Faransa a 2010, da a benci ya zauna wa zai gan shi? In mutuminku baƙi kawai yake jerawa don ya tsira bana, baɗi su watse ku koma inda kuka fito.

Turo mana sakamakon wasanninku na bana, na gida daban na waje daban, mu lissafa tare.