Amsa ga mai tambaya kan besbol: wasa 20 bai isa a yanke wa ƙungiya hukunci ba

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kai sabon shiga ne a kallon besbol, ƙungiyar da ka ɗauka an yi ta kururuta ta tun kafin a buɗe kaka, ga shi an buga wasa kusan 20 kashin da ta sha ya fi nasararta yawa, kana so ka san ko ka cire rai. Kada ka cire tukuna. Ni a New York nake tuƙin tasi, shekaru da dama ke nan ina bin Mets, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin besbol na birnin, a rediyon mota, kuma abin da idona ya gani zan gaya maka.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa, lissafin Firimiya ne a kanmu, inda wasa 38 ne kaka guda. A nan kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa, kusan kullum, daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba. Wasa 20 ɗin da ke damunka bai kai mako biyar na Firimiya ba. Kuma ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma takan sha kashi sau 55 ko 60 a shekara.

A 2023 babu wanda aka zuzuta kamar Mets. Shekarar da ta gabata sun ci wasa 101, sai mai ƙungiyar, Steve Cohen, ya buɗe bakin aljihu fiye da yadda aka taɓa gani. Justin Verlander da Max Scherzer, manyan masu jifa biyu (masu jefa wa mai bugu ƙwallo), kowannensu yana karɓar sama da dala miliyan 43 a shekara. Duk fasinjan da na ɗauka da hular Mets, maganar kofi yake min. Amma tun a tsakiyar Maris ɓarakar ta fara. Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe mana wasa a zagayen ƙarshe a lokacin, ya je buga wa Puerto Rico gasar duniya a Miami, suka doke Jamhuriyar Dominika, garin tsalle-tsallen murna gwiwarsa ta tafi. Ina ajiye da mota a gefen titi ina jiran fasinja, wani abokin aikina ya ƙwanƙwasa gilashi ya miƙo min wayarsa, na ga ana tura Díaz a keken marasa lafiya, ƙanensa yana kuka a fili. Bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba a wannan kakar. Verlander, mai shekara 40, shi ma da jinya ya fara.

Duk da haka sun fara da kyau, sun ci 14 cikin 21 na farko, muka ce ai kuɗi ya yi aikinsa. Watan Yuni ya zo ya tona asiri. Kafin a shiga Agusta sosai an sallami Scherzer zuwa Texas, Verlander ya koma Houston, aka ƙare da nasara 75, kashi 87.

Shekarar da ta biyo baya sai abin ya juye. Babu wanda ya sa musu rai a 2024, kuma wasa biyar na farko duk an cinye su. A ƙarshen Mayu suna da nasara 22 da kashi 33, har na daina kunna rediyon na 'yan kwanaki saboda ɓacin rai. Wannan ƙungiyar ce ta gama da nasara 89, ta kai matakin da saura ƙiris ta shiga wasan ƙarshe na cin kofin kaka (World Series), sai Dodgers na Los Angeles suka tare ta. A 2025 kuwa aka kawo Juan Soto kan dala miliyan 765 na shekara 15. Watanni biyun farko bugunsa ya yi sanyi, ana ta cewa an yi asara, alhali ƙungiyar na ta cin wasa. Ranar 12 ga Yuni babu wadda ta kai su, nasara 45 da kashi 24. A ranar ce Kodai Senga, wanda ya fi kowa jifa a lokacin, ya ji ciwo a cinya. Soto ya farfaɗo har ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili (home run) sau 43, amma masu jifa suka gaza, aka rasa gurbin shiga wasannin neman kofi a ranar ƙarshe ta kaka. Wannan har yau yana min ciwo.

To ka ga shekara uku a jere, farkon kaka bai faɗi gaskiya ko sau ɗaya ba, kururuwar 'yan jarida ma haka. Su sunaye da kuɗi suke ƙirgawa, ni kuma yanzu hannun masu jifa nake dubawa. Ƙungiya tana buƙatar mutum biyar masu fara jifa da ke karɓa-karɓa, kuma da wuya su biyar su kai Satumba lafiya. Washington a 2019 ta fara da 19 da 31 amma ta ɗauki kofi, don Scherzer da Strasburg da Corbin suna tsaye da ƙafafunsu. Kada kuma ka ruɗu da wasannin share fage na Florida da Arizona, yara ake gwadawa, manya sukan yi ɗan jifa ne su zauna. Sanyin Afrilu ma yana da nasa: na taɓa zama a Citi Field, filin wasan Mets, da riga uku, ina kallon ƙwallon da a Yuli waje za ta fita tana faɗowa hannun mai tsaron baya.

Abin da za ka yi yanzu, buɗe jerin masu jinya na ƙungiyar ka ga mutum nawa cikin biyar ɗin nan ke ciki, kuma ciwon kafaɗa ne ko gwiwar hannu, don waɗannan su ke cinye kaka. Sannan ka kwatanta makin da suka ci da wanda aka ci su. Idan tazarar kaɗan ce, yawancin kashin da maki ɗaya ne, wannan yakan gyaru da kansa. Ba ka faɗi sunan ƙungiyar ba, ka rubuto shi in duba maka masu jifanta in na tashi aiki, in Allah Ya yarda.