Filasta ko bangon soso: wanne zan yi wa gidana?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina bene hawa ɗaya a Sakkwato. An gama ɗora bulo, an buga kwano, saura filasta. Ƙanina da ke aiki a Turai ya zo hutu, ya ce kada in yi filastar siminti ta waje, wai su can farin soso ake manna wa bango, a bi shi da raga da shafe, sai gida ya yi sanyi. Wani ɗan kwangila ya ce zai iya yi min, amma kuɗin da ya faɗa ya fi na filasta nesa ba kusa ba. Birkilana kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, kuma gara za ta cinye shi. Wa zan bi a cikinsu?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya.

Ƙaninka da birkilanka kowanne ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma abin da ya haɗa su gardama shi ne sun ɗauka abubuwan biyu aiki ɗaya suke yi. Ba haka ba ne. Filasta riga ce ta kare bulo daga ruwan sama, iska da gogayya. Bangon soso kuwa an ƙirƙiro shi ne don ya tare zafi ko sanyi daga ratsa bango, shafen da ke samansa ne kawai ya yi kama da filasta. In ka tsaya daga bakin titi ba za ka bambanta su ba. Ka matsa ka ƙwanƙwasa da yatsa: filasta za ta ba ka sautin dutse, soso kuma ya yi maka amon ganga.

Abin da za ka ga an rubuta da sunan stucco a intanet filastarmu ce ta siminti da yashi da ruwa, wani lokaci da ɗan farar ƙasa a ciki. A Amurka, saboda gidajensu na katako ne, sai an fara buga takardar tare ruwa da ragar waya sannan a yi shafi uku, kaurinsu duka ya kai kamar milimita 22. Mu da muke gini da bulo ba mu buƙatar ragar a duk faɗin bango, domin siminti yana kama bulo kai tsaye. Shi kuwa tsarin soson, a Amurka EIFS ake ce masa, a Turai ETICS. A Jamus ya samo asali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa lulluɓe gine-ginen bulo da shi don rage kuɗin ɗumama gida, ya shiga Amurka a 1969 ta hannun kamfanin Dryvit. Hawa-hawa ake yin sa: gam na musamman a kan bango, sai allon farin soso irin wanda ake samu a kwalin sabon firji amma mai tauri fiye da shi, sai ƙusoshin roba masu faɗin kai kamar shida a kowace murabba'in mita, sai shafe siriri mai kaurin milimita 3 zuwa 5 da aka nutsar da ragar zaren gilashi a cikinsa, sannan shafe na ƙarshe mai launi.

Wajen tare zafi, ƙaninka bai yi ƙari ba. Zafi yana ratsa filastar siminti da sauƙi fiye da yadda yake ratsa soso kamar sau ashirin. Filasta mai santimita 2 kusan ba ta tare komai. Soso mai santimita 5 kuwa ya fi bulo mai inci tara ƙarfin tarewa ninki huɗu zuwa biyar. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da bangonsa ke kallon yamma a watan Afrilu ya san abin da nake nufi: rana ta faɗi tun da daɗewa, amma ka ɗora hannu a bango ƙarfe goma na dare ka ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Bulon ya sha rana tun daga azahar, yana amayo ta cikin ɗaki har tsakar dare. Soso daga waje yana hana bulon shan wannan rana tun farko.

Sai dai ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Soso ba ya kawo sanyi. Kular abinci ce: ka zuba mata tuwo mai zafi ta riƙe, ka zuba ƙanƙara ta riƙe. In ɗakinka yana da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awanni da yawa, ko da sola ko da janareta, soso zai riƙe maka sanyin, na'urar ta huta, man da kake ƙonawa ya ragu, kuma in wuta ta ɗauke ɗakin ba zai ɗume nan take ba. A nan kuɗinka yana dawowa. In kuwa fanka ce kawai, amfanin yana nan amma da sharaɗi: a rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare iska ta wanke ɗakin, kamar dai yadda ɗakin ƙasa mai kaurin bango yake aiki. Wanda ya lulluɓe gida da soso ya bar manyan tagogin gilashi suna kallon yamma babu rumfa, to rana za ta shigo ta gilashin, zafin kuma ya rasa hanyar fita.

Kafin ma a zo bango, me ke tsakanin kwanonka da silin? A irin wurinmu rana tana bi ta tsakiyar ka ne, saboda haka a ɗakunan sama yawancin zafin daga rufi yake saukowa. Na sha shiga gidajen da aka kashe wa bango dukiya, amma ka leƙa cikin silin ba komai sai kwano yana tururi. Shimfiɗa audugar gilashi, wato audugar da ake yi da zaren gilashi don tare zafi, ko allon soso a kan silin, tare da barin kafofin da iska mai zafi za ta fita daga ƙarƙashin kwano, ya fi lulluɓe bango sauƙin kuɗi, kuma bambancinsa ya fi saurin jiyuwa a jiki. In kuɗin na abu ɗaya ne, rufi za ka fara yi.

Yanzu maganar birkila. Gara ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana haƙa hanya a cikinsa cikin sauƙi, ta hau har katakon rufi ba tare da kowa ya ga layin ƙasarta a jikin bango ba. Wannan ya fi cin soson haɗari. Shi ya sa ƙa'ida take cewa kada soso ya taɓa ƙasa: a tsayar da shi aƙalla santimita 15 sama da ita, a naɗe bakinsa na ƙasa da raga da shafe, a bar wannan tazara a fili yadda ido zai riƙa gani. In daga baya aka zo aka cike tsakar gida da ƙasa ko aka zuba daɓe har ya rufe tazarar, an buɗe wa gara ƙofa.

Ruwa shi ne abin da ya taɓa zubar wa wannan tsari mutunci. A tsakiyar shekarun 1990, a yankin Wilmington da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka gano gidaje da yawa sun ruɓe ta ciki alhali daga waje tas suke. Ruwa yana silalewa ta gefen tagogi da mahaɗar rufi da bango, ya shiga bayan soson, ya rasa mafita, ya zauna a jikin katako. Aka yi ta shari'o'i, daga baya aka sauya tsarin ya zama da 'yar hanya a bayan soson da ruwa zai bi ya fita ta ƙasa. Bulo ba ya ruɓewa kamar katako, wannan sauƙi ne a gare mu. Amma ruwan da ya maƙale zai fito maka ta ciki a matsayin laima, fenti ya kumbura, ɗaki ya riƙa warin danshi. Daminarmu gajera ce, sai dai ruwan Agusta da iska yake zuwa, yana dukan bango a karkace. Filastar siminti tana shan ruwa kaɗan ta kuma bushe da an yi rana. Soso ba ya yafe kuskure irin wannan.

Akwai wuta. Farin soso daga man fetur aka samo shi, yana narkewa yana kuma ci. Gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, ba wannan tsarin ba ne daidai, faifan alminiyam ne mai roba a tsakiya da wani nau'in soso a bayansa. Amma ta nuna wa duniya yadda wuta ke gudu a jikin bango in an lulluɓe shi da abin da ke ci. A Jamus, a dogayen gine-gine, ana raba soson da ɗamarar audugar dutse, wato audugar da ake yi da narkakken dutse, wadda ba ta kama wuta. A gidanka abin lura shi ne bangon kicin, wurin ajiye tukunyar gas, da inda janareta ke zama. Waɗannan wuraren ko dai audugar dutse, ko a bar su da filasta.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Soso yana fara laushi in zafi ya kai wajen digiri 75 zuwa 80, kuma bango mai duhun launi a ranar bazarar Sakkwato yana iya kusantar haka, don haka launi mai haske za a sa, ba toka mai duhun nan da ake yayi ba. Sannan fatar siririya ce. Kan babur, ƙahon ragon layya, ƙwallon yara, duk suna iya huda ta. A ƙasan bene sai an ninka raga mai kauri, kuma ba a rataya na'urar sanyaya ɗaki ko tankin ruwa a jikinsa sai ƙarfen ya wuce har cikin bulo.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da zai yi aikin. A garuruwanmu an saba yanka farin soso a yi kwalliyar saman bango da gefen taga, kuma wasu masu wannan sana'a suna ɗauka lulluɓe bango gaba ɗaya shi ne dai aikin, an ƙara faɗi kawai. Ka tambayi ɗan kwangilar nan: gam ɗin, ragar da shafen duka na kamfani ɗaya ne da aka yi su don su yi aiki tare, ko tsince-tsince ne? Ragar mai jure siminti ce? Domin ragar gilashi ta gama-gari siminti yana cinye ta a hankali. Santimita nawa yake ɗora bakin raga a kan 'yar'uwarta? Amsar ita ce kamar 10. Yana sa guntun raga a karkace a kowace kusurwar taga? Daga nan tsaga take farawa. Ya zai rufe saman bango da ƙasan taga? Sannan ya kai ka gidan da ya yi wanda ya ga damina uku, ka ƙwanƙwasa, ka duba kusurwoyi, ka yi magana da mai gidan shi ba ya wurin. In ya fara kame-kame a tambaya ta biyu, ka riƙe kuɗinka.

Kada kuma ka ɗauka zaɓen filasta yana nufin ka huta. Yawancin filastar da ke tsagewa tana zubowa ba laifin siminti ba ne. Yashi ne mai laka, ko kwaɓi mai ruwa da yawa, ko an yi shafi ɗaya mai kauri don a gama da wuri, ko ba a ba ta ruwa ba. Ka zuba yashin a kwalba da ruwa, ka girgiza ka ajiye. In laka ta kwanta da kauri a samansa, a canza shi. Buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka buhu ɗaya da kwanon sarki takwas zuwa goma na yashi ya yi wa bangon waje. A jiƙa bulo kafin a fara. A yi shafi biyu, na farko kada ya wuce milimita 12 zuwa 15, a karce shi, a bar shi ya kama kafin na biyu. Inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare a buga wayar kaji, domin su biyun ba tare suke motsi da zafi ba. A yanka ɗan layi a ƙarƙashin bakin taga don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Sai ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman da hunturu, lokacin da iska ke zuƙe ruwan siminti kafin ya yi ƙarfi. Fenti ya jira kamar mako huɗu. Magina na da da suke shafe soro da makuba daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a wurin indararo da saman bango suka fi ɓata lokaci, domin sun san ta nan ruwa ke cin gini. Har yau wurin bai canza ba.

Da gidana ne, ga abin da zan yi. In tare zafin rufi tukuna. In yi wa gidan duka filasta mai kyau da farin fenti ko ruwan madara. In sa wa tagogin yamma rumfa, in dasa darbejiya ta wannan ɓangaren, nesa kaɗan da harsashin gini saboda saiwa. Bayan haka, in akwai ɗakunan kwana a sama da ke kallon yamma ko gabas kuma za su riƙa aiki da na'urar sanyaya ɗaki, waɗannan bangayen kaɗai zan sa wa soso mai santimita 5, in ma'aikacin ya amsa tambayoyin can. A sama babu babur, babu rago, gara kuma sai ta bi ta kan filastar ƙasa a fili kafin ta kai. Kuma ba dole ne ka yanke hukunci yau ba, domin ana iya manna soso a kan lafiyayyar filasta ko bayan shekaru. Ka shiga gidan, ka yi bazara ɗaya a ciki, ka riƙa taɓa bangayen da daddare. Wanda ka ji yana ƙona hannu ka sa masa alama, shi za ka kira ma'aikaci a kansa.