Tayar da ta ƙi komawa ce ke kisa

Ka tambaye ni, ɗana, wai me matuƙi zai yi idan tayoyin jirgin nan mai sauka a ruwa da tudu suka ƙi fitowa. Wannan ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce tayar da ta ƙi komawa ciki.

Dubi ƙaramin jirgin saman nan, Cessna Caravan, da aka ɗora kan kwale-kwalen Wipline, wato dogayen ƙafafu biyu masu kamar kwale-kwale da ke riƙe shi a kan ruwa. Wuri huɗu tayoyin suke, ƙanana a wuri biyu a goshi, manya a wuri biyu a tsakiya, famfon lantarki ke tura man haidirolik ya fito da su ko ya mayar. Idan duka huɗun suka maƙale a ciki, matuƙi ya nemi tabki ya sauka abinsa. In babu ruwa kusa, ya sauka kan ciyawa ko titin jirgi da cikin kwale-kwalen. Ƙarfen gindinsu zai goge, mu sha aikin gyara, amma galibi mutane da ƙafarsu suke fitowa.

To amma a taɓa ruwa da taya a waje, nan ake jin mummunan labari. Ruwa ya cafke tayoyin goshi, hancin jirgi ya nutse, ya kife nan take. Fasinja na rataye da bel, kai a ƙasa, ruwa na shigowa, ya rasa inda ƙofa take. A Alaska da Kanada, inda jiragen nan suka fi yawa, an yi asarar rayuka a haka, kuma sau da yawa ba abin da ya lalace, mantuwa ce kawai. Shi ya sa muddin ba a tabbatar duka tayoyin sun shige ba, tudu za a nufa, ko da ɗaya ce tak ake shakka.

In taya ta maƙale a sama, matuƙi zai fara duba fiyus ɗin famfo. In famfon ya mutu, akwai na hannu, ya sa libar tayoyi inda yake so, ya yi ta buga famfon har ya ji ya yi tauri. In mai ya tsiyaye, na hannun ma ba zai yi komai ba. Fitilu shuɗaye huɗu na nufin tayoyi na ciki, koraye huɗu na nufin suna waje, wasu jiragen har murya ke faɗa masa. Duk da haka sai ya leƙa madubi ya gani da idonsa.

Nan aikinmu na makanikai yake. Fitila na iya yin ƙarya, domin ɗan makunnin da ke kunna ta a jiƙe yake kwana. Ruwan gishiri na cin waya da fil, yashi na shiga gaɓoɓi, a ƙasar sanyi kuma ruwan da ya fantsama ya daskare ya riƙe taya. In jirgi ya fito daga teku, wanke shi da ruwan daɗi, ka sa giris inda littafin kamfani ya ce. Man ja ne, in ka ga jan ɗigo a rijiyar taya, wato ramin da take shigewa, bi tiyo da silinda har ka gano yoyon, kada ka ƙara mai ka rufe.

Gobe za mu ɗaga shi kan jak. Kai za ka tsaya wajen tayoyi kana faɗa min abin da ka gani, ni ina ciki ina kallon fitilu, mu gwada da famfon lantarki, mu sake da na hannu. In bakinka da fitila suka saɓa, jirgin ba zai tashi ba.